Tuffar Dubiya da Tukunyar da Aka Bari a Kwali: Wasiƙa Daga Garwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan abubuwa biyu da nake ganin ana asararsu a gidajenmu na arewacin Kamaru, alhali kuwa da an haɗa su wuri ɗaya da kowanne ya yi wa ɗan'uwansa magani. Na farko ita ce tuffar da ake kai wa marasa lafiya dubiya, wadda takan yanƙwane a cikin leda har a zubar. Na biyu ita ce tukunyar lantarki mai gashi da iska mai zafi, wadda 'yan kasuwa ke kira eya-firaya, da yanzu ta shiga cikin kayan ɗakin amare amma a gidaje da yawa ba ta taɓa fita daga kwalinta ba.

A bazarar da ta wuce surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta kwanta asibiti kusan mako biyu. Da aka sallame ta ta dawo gida nan unguwar Yelwa, 'yan'uwa da abokan arziki suka yi ta zuwa gaishe ta, wasu daga Marwa, wasu daga Ngaundere, kuma kusan duk wanda ya shigo da ledar tuffa a hannunsa, domin ita ce ake gani kyautar mutunci ga wanda ya tashi daga ciwo. Kafin kwana uku sai da na ƙirga fiye da ashirin a kan faranti. Inna kuwa haƙoranta na gaba sun daɗe da zubewa. Takan ɗauki guda ta jujjuya ta a hannu, ta shinshina, ta sa wa wanda ya kawo albarka, sannan ta mayar da ita kan faranti. Yara sun ci abin da suka ci, amma ban ji daɗin a ce abin da aka kawo dominta bai shiga bakinta ba. Ga shi watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma tana zuwa tana tafiya, firiji bai riƙe sanyi. A kwana na biyar ɓawon wasu ya fara tattarewa kamar fatar hannun tsohuwa, wasu kuma sun yi tabo mai laushi a inda suka bugu.

Ba laifin tuffa ba ne, baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, yankin da yau ake kira Kazakistan, inda har yanzu kakanninta na daji ke tsirowa kusa da birnin Almati. Itaciyarta tana bukatar ta sha sanyin hunturu na makonni kafin ta yi fure yadda ya kamata, shi ya sa ba za ka gan ta a lambunan bakin kogin Binuwai ba kamar yadda kake ganin mangwaro da gwaba. Wadda muke saya a tire a bakin titi, akasari daga Afirka ta Kudu ko Faransa take zuwa, har ma a nan Kamaru masu magana da Faransanci na kiranta "pom de Faransi" don su bambanta ta da dankalin Turawa. Tana sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala cikin kwantena mai sanyi, bayan wataƙila ta yi watanni a rumbun sanyi a ƙasar da aka noma ta, sannan ta kama hanyar arewa ta Yawunde da Ngaundere, ta sauko Garwa, wata ta zarce Marwa da Kuseri har Injamena. Daga ranar da aka fitar da ita daga sanyi aka jera ta a rana, kwanakinta ƙidayayyu ne. Ruwan jikinta yana fita ta ɓawo, naman cikinta yana sakewa ya zama gari-gari. Amma wannan tuffar da ta daina daɗin gatsa ba ta lalace ba, zaƙinta ma ya ƙara taruwa, kuma a daidai wannan matakin ne wuta ke fito da abin da ke cikinta.

Tukunyar da nake magana a kanta ta 'yata ce, tana cikin kayan da aka kai mata gidan miji, kuma ta yi shekara guda a saman kabad. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce takardar bayanin da ke ciki da Turanci da Faransanci take, hotunan kuma duk na kaza ne da soyayyen dankali, ita kuwa tana da kaskonta. Na fahimce ta, domin sunan da aka ba wa na'urar ma yana ruɗarwa. Ba suya take yi ba, gashi take yi. A samanta akwai waya mai murɗe da ke yin ja idan ta ɗauki zafi, a bayan wayar kuma akwai fanka mai ƙarfi da ke hura zafin ƙasa, ya ratsa abincin da aka zuba a kwando mai ramuka da ke cikinta ya sake zagayowa. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij ne ya ƙirƙiro wannan fasalin, kamfanin Philips kuma ya fito da ita a bainar jama'a a wani baje kolin kayan lantarki a birnin Berlin na Jamus a shekarar 2010. Ƙaramin tanda ce kawai mai iska, kuma saboda cikinta ƙarami ne, tana ɗaukar zafi cikin minti biyu ko uku, ba kamar babban obin da sai an jira shi ba. Da zarar mace ta gane cewa tanda ce, za ta daina tunanin kaza kaɗai.

Gwajina na farko bai yi kyau ba, kuma ina faɗar sa ne don kada wata ta maimaita. Na yanka tuffar sirara kamar albasa, na zuba mata zuma, na shimfiɗa takarda a ƙasan kwandon, na murɗa zafin har ƙarshe. Ba a yi minti biyar ba iska ta ɗaga gefen takardar ta manna ta da wayar da ke sama, hayaƙi ya cika ɗakin girki, zumar ta ƙone ta yi ɗaci, yankakkun tuffar kuma suka bushe suka yi baƙi a gefe. Daga wannan na koyi abu uku da har yau nake kiyayewa: duk abu marar nauyi iska za ta ɗauke shi, zuma ba ta jure zafin nan kai tsaye, kuma yanka siriri bushewa yake yi kafin ya nuna.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma na yi shi sau da yawa har ya zauna mini. Ina ɗaukar tuffa huɗu in wanke su da ruwan ɗumi, in goge da tsumma mai tsabta. Idan don tsoho ko ƙaramin yaro ne ina fere ɓawon, idan kuwa don sauran gida ne ina barinsa. Ina raba kowacce gida huɗu, in cire cibiyar da 'ya'yan, in yanke duk inda ya yi tabo, sannan in yanka ta gutsi-gutsi, kowane gutsure kamar girman gaɓar babban yatsa. Nan take nake matsa mata rabin lemon tsami. Dalili shi ne naman tuffa yana rinewa ya yi ruwan ƙasa da zarar iska ta taɓa shi, kamar yadda goro ke canja launi idan an fasa shi, tsamin lemon kuwa yana rage wannan, sannan yana tayar da ɗanɗanon tuffar da ta kwana biyu. Sai in zuba babban cokali ɗaya na man shanu narkakke, rabin ƙaramin cokali na garin kirfa, da ɗan gishiri gwargwadon abin da yatsu biyu za su ɗebo, in gauraya da hannu har kowane gutsure ya yi sheƙi.

Ba na zuba ta a kwandon kai tsaye, saboda ruwan da za ta fitar shi ne rabin daɗin, kuma zai tsiyaye ta ramukan ya ƙone a ƙasa. Ina amfani da ƙaramin kwanon silba marar zurfi wanda zai shiga kwandon ya bar sarari a gefe don iska ta zagaya. Roba kowace iri ce ba ta shiga nan. Ina kunna tukunyar ba komai a ciki na minti uku a kan digiri 180, sannan in saka kwanon, in ba shi minti shida, in jawo in juya da cokali, in mayar na wasu minti biyar ko shida. Alamar nuna ita ce tsinken cokali mai yatsu ya shige ba tare da turjiya ba, gefunan kuma su yi launin soyayyiyar gyaɗa. Kada a cika kwanon ya yi tozo. Idan gutsattsarin suka hau kan juna da yawa, na sama za su ƙone, na ƙasa kuma su dahu da tururi kamar an yi fate, don haka gara a yi sau biyu. Bayan an fitar, tun tana huci, sai a ɗiga zuma ƙaramin cokali biyu. Ni zumar tudun Adamawa nake sa wa, wadda ake kawo mana daga wajen Ngaundere, domin ƙamshinta yana tafiya da kirfa. Daga wanke tuffa zuwa ɗora kwano a gaban mai ci, abin bai cika minti ashirin da biyar ba.

Launin tuffar ma yana da tasiri. Koriyar nan mai tsami da ake kira Granny Smith, wadda aka fara samu a Ostareliya a ƙarni na 19, ita ce ta fi ba da ɗanɗano idan an gasa, domin tsaminta yana tsayawa a gaban zaƙin zuma. Rawayar da ake kira Golden tana saurin laushi kuma ba ta bukatar zaƙi da yawa, ita na fi zaɓa wa Inna. Ja mai duhun nan mai kyan gani, wadda masu dubiya suka fi saya, ita ce ta fi saurin narkewa, don haka ina rage mata minti biyu ko in haɗa ta da koriya.

Ranar da na fara yin sa daidai, bayan sallar la'asar ne. Na bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, na zuba a ƙaramin kwano, na sa kindirmo cokali biyu a gefe, na durƙusa na ajiye a gaban Inna a kan tabarmarta. Ta dubi kwanon ta ce, "Wannan kuma mene ne, 'yar nan?" Na ce, "Inna, tuffar da baƙinki suka kawo ce." Ta yi bismilla ta ɗebi kaɗan a bakin cokali, ta riƙe shi a baki na ɗan lokaci tana murza shi da dasashi, sannan ta sake kai cokali ba tare da ta ce komai ba. Sai da kwanon ya kusa ƙarewa ta ɗago kai ta ce, "Ashe haka take. Allah ya yi miki albarka." Matar da ta yi kwanaki ba ta karɓar komai sai kunu da lallashi, ranar ita ta tambaya ko akwai saura. Na fita tsakar gida don kada ta ga idona.

Tun daga nan na yi ta gwada hanyoyi. Wadda yara suka fi so ita ce mai rufi a sama. Ana haɗa fulawa babban cokali huɗu da man shanu daskararre cokali biyu da sukari cokali ɗaya, a murza da yatsu kamar ana murza garin dambu har ya yi tsaki-tsaki, a ƙara dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa ko riɗi, sannan a barbaɗa a kan tuffar bayan juyawar farko, a danna shi kaɗan da bayan cokali don kada iska ta kwashe. A nan ina rage zafin zuwa digiri 170 in ƙara minti biyu ko uku, saboda gyaɗa tana saurin ƙonewa. Idan kuma baƙi na kunya ne za su zo, ina raba tuffar gida biyu kawai, in ƙwaƙule cibiyar da ƙaramin cokali, in cusa dabinon da na jiƙa na cire wa ƙwallo, irin busasshen nan da ake kawowa daga arewacin Cadi wajen Faya, in ɗora ɗan man shanu a kai. Wannan yana ɗaukar kusan minti goma sha biyar, kuma baya bukatar zuma ko sukari, dabinon ya wadatar. Citta kaɗan tana yi wa wanda ba ya son kirfa. Kanumfari kuwa guda ɗaya ya isa, idan ya wuce haka zai danne komai.

Dole in yi magana a kan wuta, domin a nan ne bayanin da ake rubutawa don mutanen Turai ba ya amfanarmu. Irin waɗannan tukwane akasari suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, wato kusan daidai da dutsen guga ko hitar dafa ruwa. Ƙaramin janareton da ake kunna fanka da talabijin da shi ba zai ɗauke ta ba, haka ma ƙananan batura na hasken rana da ake haska ɗaki da su. Kada kuma a jona ta a siririyar wayar ƙarin nan da muke kira ralonj, musamman idan firiji ko wani abu na kanta. Na taɓa ɗora hannu a kan irin wannan wayar a gidan wata maƙwabciya na ji ta yi zafi har robarta ta yi laushi, kuma irin haka ne ke jawo gobara. A jona ta a soket na bango ita kaɗai, a ja ta nesa da bango da labule saboda zafin da take fitarwa ta baya. Wanda ya kawo tasa daga Amurka ya duba rubutun da ke ƙasanta, domin wutarsu ta 120 ce tamu kuwa ta 220. Amma ta fuskar kuɗi abin bai kai yadda ake tsoro ba. Tukunya mai wat 1,500 idan ta yi minti goma sha biyu tana aiki, abin da za ta ci a mita bai wuce kashi uku cikin goma na kilowat-awa ɗaya ba, wato yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Gajeren lokacin nan shi ne babban amfaninta a gare mu. Mu da wutarmu ta dogara sosai ga madatsar ruwan Lagdo, wadda aka kammala a 1982, mun san cewa idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, wuta takan zama ta rabo. Abincin da ke nuna cikin rubu'in sa'a ana iya gama shi a ɗan tsakanin da aka kawo ta. Idan kuma aka ɗauke ana tsakiyar gashi, a bar kwandon a rufe na wasu mintuna, zafin da ya rage zai ƙarasa laushin.

Na san akwai mai cewa me ya kai mu ga tuffa mai tsada, alhali kuɗin guda ɗaya kan sayi tulin mangwaro a lokacinsa. Ina tare da shi a rabin maganar. Ba na kiran kowa ya bar na gida ya sayi na waje, kuma na gwada wannan hanyar da ayaba cikakkiyar nuna da mangwaron da bai gama laushi ba da abarba, duk sun yi kyau, ayaba ma cikin minti bakwai ko takwas. Amma tuffa ta riga ta shiga al'adar dubiyarmu da buɗa-bakinmu, ana saya ko mun so ko mun ƙi, kuma zubar da abin da ya ƙetaro teku ya yi tafiyar kwanaki a mota, aka kuma biya shi da guminmu, almubazzaranci ne da addini ya hana. Masu tire ma da yamma sukan ware waɗanda suka bugu su sayar da rahusa, kuma waɗannan sun isa gashi matuƙar ba su ruɓe ko sun yi fumfuna ba. Wadda ta yi fumfuna kam a jefar da ita gaba ɗaya, kada a ce za a yanke gefen.

Akwai kuma jita-jitar da ke yawo a wayoyi, inda ake kankare ɓawon tuffa da wuƙa a nuna farin abu a ce roba ce ko kyandir. Tuffa da kanta tana fitar da wani kakin da ke kare ta daga bushewa, masu shirya ta don fitarwa kuma sukan ƙara wani siririn kaki da aka amince da shi a abinci, irin wanda ake samu daga ganyen wani giginyar Brazil. Wanki da ruwan ɗumi da gogewa yana rage shi, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kuma ya fere. Abin da ya fi wannan cancantar a yaɗa shi ne cewa ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗanye ko a cikin abinci, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Mai ciwon sukari kuma ya sani zuma da dabino duk zaƙi ne, ya ci tasa da kirfa da man shanu kawai, kuma ya bi abin da likitansa ya gindaya masa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridar nan ta ware ko da rabin shafi ne a mako domin girki da aka rubuta da Hausa, aka kuma gwada shi a ɗakunan girkinmu, da cokali da kofi da gwangwanin da muke awo da su, da la'akari da zafinmu da wutarmu da abin da ke kasuwanninmu. Mata da yawa a Garwa da Marwa da Kuseri suna da waɗannan na'urori, suna kuma da basirar girki da ta fi tawa, abin da ya rage musu shi ne bayani a harshen da suke tunani da shi. Idan aka buɗe filin, ni a shirye nake in aiko da abin da na gwada a kan ayaba da dankalin Hausa da kabewa, tare da minti da ma'aunin zafin kowanne. Ga wadda ba ta da na'urar kuma, ina kan gwada tuffar a tukunya mai kauri da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi, yadda iyayenmu ke gasa kek, kuma zan rubuto sakamakon idan ya daidaita.

Wassalamu alaikum.

Taku mai karatu a kullum,
daga unguwar Yelwa, Garwa, Jamhuriyar Kamaru.